GUZURIN ALHAJI: CI DA SHA A KAN HANYAR MAKKA

Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya hore wa bayinSa tafiya a tudu da kogi da sararin sama. Tsira da aminci su tabbata ga ManzonSa, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, kowace shekara idan lokacin aikin Hajji ya gabato, malamai sukan duƙufa wajen koya wa maniyyata yadda ake ɗaura harami, da yadda ake ɗawafi da sa'ayi da jifa. Allah Ya saka musu da alheri. Amma akwai wani babi da ba a cika buɗewa ba a wurin bita, watau babin abin da alhaji zai zuba a cikinsa, tun daga ranar da ya bar gida har ranar da ya komo. Mu da Allah Ya nufa muka taka wannan hanya, mun ga mutanen da suka san hukunce-hukuncen Hajji sarai, amma ciwon ciki ko ƙishirwa suka kwantar da su a ranar da suka yi shekaru suna tanadi dominta. Hajji ibada ce ta dukiya da jiki, kuma Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Maganar guzuri tana da asali a cikin addini. A aya ta 197 ta Suratul Baƙara, a tsakiyar ayoyin Hajji, an umurci mai tafiya ya yi tanadin hanya. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa wasu mutanen Yaman ne suka kasance suna zuwa Hajji hannu rabbana, suna cewa su masu tawakkali ne, in sun iso Makka sai su koma roƙon mutane. A kansu ne ayar ta sauka. Tun kafin Musulunci ma, ciyar da baƙin Ɗakin Allah da shayar da su muƙamai ne guda biyu a hannun Ƙuraishawa, ana kiransu Rifada da Siƙaya. Masana tarihi sun ce Hashim, kakan mahaifin Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi), ya sami wannan suna ne domin ya gutsuttsura gurasa a cikin romo ya ciyar da jama'a a shekarar yunwa.

HANYAR DA

Kafin jirgin sama ya fara jigilar alhazai sosai daga wajen shekarun 1950, mai niyyar Hajji daga ƙasar Hausa gabas yake fuskanta, a ƙafa ko a kan jaki, daga baya kuma a bayan babbar mota. Daga Kano sai Maiduguri, sai Fort Lamy wadda aka mayar da sunanta Njamena a 1973, sai Abeshe a ƙasar Wadai. Daga nan a shiga Darfur ta Janaina, a bi ta Fashir har Ubayyid, inda hanyar jirgin ƙasa ta iso wajen 1912. Sa'an nan sai Khartum, sai Sawakin ko Port Sudan a bakin Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Wasu sukan yi shekaru a hanya, suna tsayawa ƙwadago a gonakin audugar Jazira domin su tara kuɗin gaba, da yawa kuma suka zauna can ɗungum. Sun bar sawunsu har a fagen abinci: agashen da ake sayarwa a titunan Sudan daga Hausawa ya samo asali, haka kuma gasasshen nama da garin ƙuli-ƙuli da mutanen Makka da Jidda ke kira siriya, tsirenmu ne ya yi baƙunta ya zauna.

To, me waɗannan bayin Allah suke zubawa a taiki? Soyayyen garin gero da za a dama da tsamiya, da ƙuli-ƙuli, da dakuwa, da kilishi, da dambun nama, da garin kuka, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa da barkono, ga kuma salkar ruwa a gefe. In mai karatu ya lura, duk busassun abubuwa ne. Hikimar kuwa ita ce, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa iya yaɗuwa sai da damshi. In an shanya abu ya bushe, an kuma sa masa gishiri ko yaji, zai yi watanni bai lalace ba. Gero yana ba da ƙarfi, gyaɗa da nama suna gina jiki, kuka da tsamiya suna gyara ciki. In ayari ya sauka a zango, a hura wuta a tuƙa abin da za a ci, a cinye shi da zafinsa, domin mai tafiya a kan jaki ba shi da inda zai ajiye dafaffe. Babban abokin gabarsu shi ne ruwa marar tsafta. A 1865 annobar amai da gudawa, watau kwalara, ta ɓarke a lokacin Hajji, ta kashe dubban alhazai, ta kuma bi masu komowa har Masar da Turai.

Kakanninmu da rashi suka yi fama. Mu kuwa a yau Allah Ya yalwata: ruwa mai tsafta a ko'ina, abinci kuma har ana roƙon mutum ya karɓa. Abin da muka ga yana kayar da alhajin wannan zamani abubuwa uku ne: cika ciki fiye da ƙima, da cin dafaffen abincin da ya daɗe a ajiye cikin zafi, da ƙin shan ruwa. Bari mu bi hanyar zango zango, mu ga inda kowannensu yake labe.

DAGA GIDA ZUWA JIDDA

Tarkon farko a gida yake. Idan tafiya ta matso, 'yan'uwa da maƙwabta sukan yi ta aiko da soye-soye na ban kwana, maniyyaci ya yi ta ci don kada a ce ya raina. Sai ya isa sansanin alhazai da ciki a dagule, ga jiran jirgi wanda kan ɗauki sa'o'i masu yawa. Abin da ya fi shi ne, a kwana biyun ƙarshe mutum ya tsaya ga abincin da cikinsa ya saba da shi. Mai ciwon sukari, ko hawan jini, ko ciwon ƙoda, lalle ya ga likitansa tun da wuri, ya ji abin da zai ci da abin da zai bari, ya kuma sa maganinsa a jakar hannu. Game da guzuri kuwa, a tambayi jami'an alhazai abin da aka yarda a shiga da shi Saudiyya, domin an sha yi wa maniyyata gargaɗi a kan ɗaukar goro da ɗanyun kayan abinci.

Tafiyar da kakanninmu suka yi shekaru suna yi, yanzu awa huɗu zuwa biyar ce daga Kano. Amma iskar cikin jirgi busasshiya ce ƙwarai, tana zuƙe ruwan jiki ba tare da mutum ya sani ba. Saboda haka duk lokacin da ma'aikatan jirgi suka kawo ruwa, a karɓa a sha. Wasu jiragen Madina suke sauka kai tsaye, wasu kuma Jidda. Mu a Jidda muka sauka, a tashar alhazai da aka buɗe a 1981, mai rufi kamar jerin fararen tantuna. Zafin Jidda mai gumi ne, na bakin teku, kuma kafin a gama duba takardu a hau mota sai an jima. A nan muka ga amfanin ƙaramar jaka mai ɗan dabino da ƙuli-ƙuli da gorar ruwa. Wanda ya zuba duk guzurinsa a babban akwati, sai ya zauna yana kallon masu ci.

MADINA, GARIN DABINO

Madina gari ne mai ni'ima, mai gonakin dabino tun zamanin Annabi. A kasuwar dabino da ke kusa da Masallaci za ka ga iri iri: ajwa baƙi mai laushi, da safawi, da mabrum, da anbara mai tsawo, da sukari wanda ake kawowa daga Ƙasim. Kowane mai shago sai ya miƙo maka ka ɗanɗana, kafin ka kai ƙarshen layi ka ci fiye da ashirin. Dabino guzuri ne na ƙwarai, ba ya lalacewa da wuri, yana kuma mayar da ƙarfi nan da nan. Amma fa kusan kashi biyu cikin uku na nauyinsa sukari ne. Hadisin da ya zo a kan falalar ajwa ma ƙwaya bakwai ya ambata da safe. Mai ciwon sukari ya ƙirga abin da yake ci, amma kada ya fita masallaci ba da ƙwaya biyu ko uku a aljihu ba, domin in ya ji jiri da rawar jiki da gumi mai sanyi saboda sukarin jininsa ya faɗi, su ne za su cece shi.

A Madina ne yawancinmu muka fara haɗuwa da abincin Larabawa: shinkafar kabsa, da buhari, da mandi, a kan faranti mai faɗi, da rabin kaza a kai, ga kuma soyayyar kaza da dankali a kowace kusurwa. Abinci ne mai daɗi, amma mai maiƙo. Wanda ya cika cikinsa da shi da rana, sai barci ya kwashe shi, la'asar ta wuce shi a masauki, alhali Masallacin Annabi na nan ƙofar gida. Haka kuma lemon gwangwani da ake rabawa sadaka: gwangwani ɗaya yana ɗauke da sukarin da ya kai ƙaramin cokali 8 zuwa 9, kuma ba ya kashe ƙishirwa kamar ruwa. Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdam ɗan Ma'adikarib cewa Annabi ya yi wa mai ci iyaka da ya raba cikinsa uku, ya bar wa abinci kashi, ruwa kashi, numfashi kashi. Aya ta 31 ta Suratul A'araf kuma ta haɗa halaccin ci da sha da hanin ɓarna a wuri guda. Ba mu ga wurin da wannan karatu ya fi amfani ba kamar a kan hanyar Hajji.

Abin da muka samu ya fi dacewa da ciki shi ne karin kumallon talakawan ƙasar: dafaffen waken da suke kira ful, da gurasar tamis mai zafi daga tanda, da kindirmon kwali da ake kira laban. Da rana a ci shinkafa daidai misali, a haɗa da kokwamba da tumatir da aka wanke sosai, a biyo da lemo ko ayaba. Alhazai da yawa sukan yi kukan taurin bayan gida a makon farko, dalilin kuwa shi ne gurasa da shinkafa da nama ba ganye. Kayan marmari da ruwa su ne maganinsa. A kuma tuna cewa an hana wanda ya ci ɗanyar albasa ko tafarnuwa ya kusanci masallaci da warinsu.

Daga Madina zuwa Makka kimanin kilomita 450 ne. Jirgin ƙasa mai sauri da aka buɗe a 2018 yana yanke su cikin awa biyu da ɗoriya, amma yawancin alhazanmu a mota suke tafiya, awa shida ko fiye, bayan sun ɗaura harami a Zul Hulaifa. A wajen gari wani lokaci akan ga makiyaya suna sayar da nonon raƙumi, tatsar nan take. Tun da aka gano cutar numfashi ta MERS a Saudiyya a 2012, wadda ake samu daga raƙuma, likitoci suke hana shan ɗanyen nonon raƙumi da cin namansa in bai dahu sosai ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

MAKKA

Makka kwari ce tsakanin baƙaƙen duwatsu, ba shuka, kamar yadda Annabi Ibrahim ya siffanta ta a cikin addu'arsa. Amma albarkar wannan addu'a, babu 'ya'yan itacen da ba ka samu a kasuwanninta, har da rumman da inabin Ɗa'ifa, garin da ke kan tsauni gabas da ita. Duwatsun nan suna shan rana wuni guda, su yi ta fitar da zafi har dare. Ga kuma aiki: sa'ayi kaɗai tsakanin Safa da Marwa sau bakwai kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi, wanda kan tsawaita ƙwarai in cunkoso ya tura mutum hawa na sama, ban da kuma tafiyar masauki zuwa Harami sau da yawa a yini.

Ruwan Zamzam yana ko'ina a cikin Masallaci, a manyan randunan roba, wasu masu sanyi, wasu an rubuta musu cewa ba a sanyaya ba, da kofuna sababbi a gefe guda, waɗanda aka sha da su a ɗaya gefen. A kula da wannan, kada a ɗauki kofin da wani ya sha. Wasu alhazai sukan ƙaurace wa ruwa wai shi ke sa tarin da ke kama mutane a Makka. Tarin nan ƙwayoyin cuta ne da ke yawo cikin taron miliyoyin mutane. Wanda sanyi ke damun maƙogwaronsa ya sha marar sanyi, amma lalle ya sha.

A unguwannin da alhazan Afirka ta Yamma ke sauka, za ka ji Hausa ta ko'ina. Mata suna sayar da tuwo da miyar kuka, da koko, da kunu, da fura. Bayan mako biyu na kabsa, ƙamshin daddawa kaɗai ya isa ya sa mutum ƙwalla. Mu ma mun ci, mun ji daɗi. Amma akwai sharaɗi, kuma sharaɗin ya shafi kowane irin dafaffen abinci, na titi ne ko na kamfani. Ƙwayoyin da ke kawo amai da gudawa sun fi yaɗuwa a abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60, watau wanda ba ya cikin firji, ba ya kuma kan wuta. A irin wannan hali ƙwaya ɗaya tana iya rabuwa biyu duk minti 20. In mai karatu ya yi lissafi, cikin awa 7 ta haura miliyan 2. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2. Shinkafa ta fi haɗari, domin akwai wata ƙwaya da ba ta mutuwa a dahuwa, in shinkafar ta huce ta daɗe sai ta zuba mata dafin da ko an ɗumama ba ya tafiya. Kuma abincin yana iya zama da guba alhali bai yi tsami ba, bai yi wari ba. Saboda haka a sayi abin da ake kwashewa daga tukunya yana tururi, a ci nan take. Kayan marmari kuwa a zaɓi wanda mutum zai ɓare da hannunsa. Kankanar da aka yanka aka baza a rana, a bar ta.

MINA

Ran 8 ga Zulhajji ake fita Mina, kilomita kaɗan gabas da Makka. Ana kiran wannan rana Ranar Tarwiya, watau ranar tanadin ruwa, domin a da a ranar ne alhazai ke shayar da raƙumansu su cika salkunansu, tun da babu ruwa a gaba. Yanzu Mina birni ne na fararen tantuna, iyakar ganinka. An yi su da abin da wuta ba ta ci bayan gobarar 1997, wadda ta tashi daga abin girki na gas ta halaka fiye da mutum 300. Tun daga nan aka hana girki da gas a tantuna, kamfanoni ne ke dafawa su raba. Wani lokaci abinci kan makara saboda cunkoson hanya, wani lokaci kuma ya zo ya yi yawa.

A nan ne muka ga wata dattijuwa tana ƙulle sauran shinkafar rana a leda, tana turawa ƙarƙashin katifa. Wata ma'aikaciyar jinya da ke tare da ayarinmu ta durƙusa ta ce mata, “Inna, wannan ta ina za ta kai?” Ta ce, “'Yata, ta dare ce. Ina zan zubar da abincin Allah a wuri irin wannan?” Ta ce, “Gaskiyarki, Inna, zubar da abinci ba kyau. To ba ni in kai wa masu shara su ci yanzu da sauran zafinta, ki sami lada. Da dare wata za ta zo, in ba ta zo ba ga dabino da gurasa.” Tsohuwa ta yarda. Wannan ita ce hanya: tsoron almubazzaranci abu ne mai kyau, maganinsa kuwa shi ne a karɓi kaɗan, in ya saura a bayar nan take.

Wata matsalar Mina ita ce layin ban ɗaki. Saboda tsawonsa, da kuma son riƙe alwala, dattawa da yawa sukan rage shan ruwa da gangan. Mun zauna kusa da wani tsoho wanda tun safe bai kurɓi komai ba. Da muka ce, “Baba, ga ruwa,” sai ya ce, “Ɗana, in na sha, wa zai tsaya mini a layi?” Sai samarin tantin suka ɗauki nauyin raka shi duk lokacin da ya buƙata, sa'an nan ya karɓa. Tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar yara, saboda haka kada a jira su nema. Alamar da kowa zai iya dubawa ita ce bawali: in ya yi kaɗan ya yi ja, jiki na neman ruwa. A kuma wanke hannu da sabulu bayan ban ɗaki da kafin ci, domin a wurin da dubbai ke amfani da famfo ɗaya, hannu ne babbar hanyar cuta.

ARFA DA MUZDALIFA

Arfa fili ne mai faɗi, kimanin kilomita 20 daga Makka, kuma tsayuwa a cikinsa ran 9 ga wata ita ce ƙashin bayan Hajji. Azumin wannan rana yana da falala ga wanda ke gida, amma ga alhaji malamanmu na Malikiyya sun karhanta shi, domin ya sami ƙarfin addu'a. A Hajjin Ban Kwana mutane sun yi ta gardama ko Annabi yana azumi, sai Ummul Fadli, matar Abbas, ta aika masa da ƙwaryar nono, ya sha yana kan raƙuminsa kowa na gani. Har yanzu ana ganin kufan magudanar ruwan da Zubaida, matar Halifa Haruna Rashid, ta kashe dukiya mai yawa ta jawo daga Wadi Nu'uman zuwa Arfa, fiye da shekara 1,200 da suka wuce, saboda tausayin ƙishirwar alhazai.

Zafin Arfa ba abin wasa ba ne. A Hajjin 2024, wanda ya faɗo a tsakiyar watan Yuni, zafi ya kai digiri 51.8 a Makka, kuma hukumomin Saudiyya sun ba da sanarwar rasuwar mutum 1,301, akasarinsu waɗanda suka yi doguwar tafiya a rana ba mafaka. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kimanin kwana 11, saboda haka Hajji yana zagaya lokutan shekara cikin shekaru 33, amma ƙasar Makka ko a lokacin hunturu mai zafi ce. Mai tafiya a irin wannan rana yana iya zubar da gumin da ya kai lita ɗaya cikin awa guda, kuma gumi da gishiri yake fita. Saboda haka a riƙa kurɓar ruwa a kai a kai, a kuma tanadi ƙunshin garin gishiri da sukari da ake samu a ɗakunan magani. In babu, a zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe ba tozo, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsafta. Shi ne kuma taimakon farko ga wanda gudawa ta kama. Mai ciwon zuciya ko ƙoda ya tsaya ga ma'aunin da likitansa ya ba shi. In an ga mutum yana jiri da ciwon kai, a kai shi inuwa a ba shi ruwa. In kuwa ya fara sambatu, jikinsa ya yi zafi ƙwarai, a jiƙa shi da ruwa a kira ma'aikatan lafiya nan take, kada a tsaya shawara.

Abincin Arfa ya zama marar nauyi: gurasa, da laban, da lemo, da dabino. Bayan faɗuwar rana ake gangarawa Muzdalifa, inda ake kwana a fili, ba tanti, ba tukunya. A wannan dare attajiri da talaka duk sukan koma ga abin da ke cikin jakar hannunsu. Mun ga wani alhaji ya kwance ƙullin dakuwa da dambun nama ya raba wa na kusa da shi, har da wasu mutanen Indonesiya, suka ci suna jinjina kai. Guzurin kakanni bai tsufa ba. Sai dai mai hawan jini ya yi hankali da kilishi da yaji, saboda gishirinsu.

RANAR SALLA

Ran 10 ga wata ita ce ranar da ta fi kowace aiki: jifa, da yanka, da aski, da ɗawafi, bayan daren da ba a yi barcin kirki ba. Kada mutum ya kama hanyar wurin jifa da ciki wayam, ko ba gorar ruwa. Kwanakin da ke biye ana kiransu kwanakin Tashriƙ, kuma malaman lugga da dama sun ce sunan ya fito ne daga yadda Larabawa ke yanyanka naman hadaya su shanya a rana, kamar dai yadda muke yin kilishi. A da nama kan yi yawa har a rasa masu ci, a binne shi a rami. A 1983 Bankin Raya Ƙasashen Musulmi ya ɗauki nauyin yanka a madadin alhazai a mayankan zamani, ana daskarar da naman a raba wa matalautan Harami da na ƙasashe da dama. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi ya yi hadaya da raƙuma 100, amma sai ya sa aka yanko tsoka guda daga kowanne aka dafa a tukunya ɗaya, shi da Sayyidina Ali suka ci suka sha romon. Wanda cikinsa ya yi kwana uku a kan gurasa da dabino, in ya sami nama ya bi shi sannu.

To, 'yan'uwa maniyyata, ga abin da muka gani muka ga ya wajaba mu isar. Ku ci kaɗan, ku ci da zafinsa, ku sha ruwa tun ƙishirwa ba ta zo ba, ku riƙe busasshen guzuri a jakar hannu, ku kuma sa ido a kan tsofaffin da ke tare da ku. Muna roƙon malaman bita su ƙara wannan babi a cikin karatunsu, su gayyato likita ya zauna kusa da su ko da rana ɗaya ce. Jiki amana ne, shi ne kuma abin hawan da zai kai mutum Arfa ya komo da shi.

Allah Ya kai alhazanmu lafiya, Ya karɓi aikinsu, Ya komo da su ga iyalansu lafiya. Waɗanda ba su je ba, Allah Ya kira su. Amin.